Kada Ka Ɗauka, Simeon

In ka shiga unguwar Majidaɗi a Jalingo a wancan lokacin ka ce gidan Malam Abdulmumin kake nema, sai a tsaya ana tambayarka wanne, don masu sunan suna da yawa. Amma ka ce Baba Oba ka gani. Ko mai suyar doya ta bakin titi za ta bar kaskonta ta nuna maka ƙofa.

Ni ce Lydia, nas ce ni. Ofis ɗaya muka yi aiki da shi a wata ƙungiya mai raba maganin makantar nan da ƙudan rafi ke jawowa. Ni nake shiga ƙauyuka da ƙwayoyi. Shi kuwa yana ɗan ɗakinsa na ƙuryar ofis, gaban na'urar oba-oba, wato rediyon aika saƙo, yana faɗa wa hedikwatarmu ta Jos abin da ya ƙare da abin da muke buƙata. Gajere ne, ga kunnuwa tubarkalla, hular nan kullum a karkace. Kuma bai iya magana a hankali ba, shekarun da ya yi yana ihu cikin ƙarfe sun riga sun ɓata shi. Matarsa Hajaratu ta taɓa kawo mini ƙara, wai ko ruwan wanka zai nema sai ta ji, “Hajaratu, a kai mini ruwa bayi, oba!” Ta ce ran da ta gaji ta amsa masa da “Babu, oba,” dariya ya yi ta yi har ya makara zuwa aiki.

Babansa tela ne, Bazazzagi, ya zo Jalingo tun garin bai wuce ka zaga shi da ƙafa kafin rana ta yi zafi ba. Ya so ɗan ya gaji keken ɗinki. Ina! An ce in aka zaunar da shi ya yi kalmasa, sai a waiga a same shi ya kwance bayan rediyon shagon yana leƙen cikinsa. Da faɗa ya ƙi ci, aka sa shi masinja a ofishin gwamnati, can ya manne wa wani tsohon soja mai kula da oba-oba har ya iya. Da aka ba mu jiha a casa'in da ɗaya, gari ya cika da baƙin fuska, ofisoshi suna ta tsirowa, ƙungiyarmu ta zo tana neman mai rediyo ta ɗauke shi.

Mai amsa masa a Jos sunansa Simeon. Ba su taɓa ganin juna ba, ko a hoto. Amma zo ka ji gaisuwarsu da safe! Sai an tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, a tambayi ciwon gwiwa, a tambayi ko an yi ruwa, har akuyar Simeon da ta haihu sai an ji lafiyarta. Madam Patience, shugabar ofishinmu, takan tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu ta ce, “Malam, batirin nan ba na gaisuwa ba ne fa.” Shi kuma ya toshe makirfo da hannu ya ce, “Haba Madam, in faɗa wa mutum da buƙata ban san yadda ya kwana ba?” Ni dai ina bayansa a wannan.

A bazarar casa'in da takwas aka kawo mana kwamfuta. Wayyo, ranar kamar an kawo amarya! Direbanmu Hammanjoda har gyara parking ya sake yi don kada kwalin ya ji rana, masu shagunan kusa duk suka zo leƙe ta taga. Wani injiniya ne ya zo da ita, mutum mai fara'a, ya haɗa komai, ya ɗora wani ɗan akwati mai fitilu jajaye a gefe ya ce sunansa modem. Ya ce wannan akwatin zai buga wayar tarho da kansa zuwa Jos, wani irinsa ya amsa a can, daga nan sai fuskar babbar kwamfutar Jos ta fito a gilashinmu. Kana zaune a Jalingo ka rubuta magani nawa garin Sunkani yake so, kamar hannunka ne ya miƙe har Jos. Muka ce ƙarya ne. Ranar Asabar ce, injiniyan ya danna, muka ɗan jira, sai ga ta! Na kwaɗa ihu har Madam ta harare ni, alhali ita ma bakinta a buɗe yake.

Murna ba ta gama sauka ba Madam ta faɗi sauran labarin. Ƙarshen wata za a kwance oba-oba a mayar Jos. Kujerar ɗakin nan ta zama ta mai kwamfuta, kuma tana shirin roƙon a turo mata wani daga hedikwata. Na dubi Baba Oba, gabana ya faɗi. Mutumin nan ba gona, ba shago, ga 'ya'ya mata a makaranta, ga furfura ta fara. In aka sallame shi ina za shi?

Ashe tsohon nan ya riga mu jin ƙishin-ƙishin. Ashe duk lokacin da muke tsammanin ya tafi cin abincin rana, yana wani shagon buga takardu a bakin kasuwa yana koyon danne-danne da yatsu biyu. Ya miƙe ya gyara hula ya ce, “Madam, a gwada ni.” Ta daɗe tana kallonsa. Ba muguwa ba ce, tsoron kunya gare ta. Ta ce Darakta zai zo daga Jos kafin ƙarshen wata. In ya haɗa layin a gabansa, kujera tasa ce. In ya ƙi haɗuwa, ba ta da bakin magana.

Kafin injiniya ya tafi ya koya masa komai, sannan ya nuna wayar tarhon da ke kan teburin, wadda layinsu ɗaya da modem, ya ja kunnensa. Ya ce, “Baba, duk abin da za ka yi, muddin kwamfuta tana kira, kada ka kuskura ka ɗaga kan wayar nan. Kana ɗagawa ka kashe komai.” Ya kuma rufe wa modem ɗin murya, don Madam ta ce ƙarar tana sa mata ciwon kai. Baba Oba kuwa in ka ba shi doka ya riƙe ta ke nan. Har ɗan mayafin tebur ya samo ya rufe wayar, wai kada hannu ya yi kuskure.

Ranar Litinin da hantsi, bayan sun gama gaisawa da Simeon a rediyo, ya zauna, ya yi bisimilla, ya danna. Fitilu suka yi ta walƙiya. Muka jira. Sai gilashi ya rubuta cewa layi ya katse. Ya sake, haka. Ya sake, haka dai.

To, daga ranar ofishinmu ya zama dajin farauta, kuma wallahi ban taɓa ganin mutumin nan da rai irin na makon nan ba. Wani zai zauna ya yi tagumi, shi kuwa idonsa har ƙyalli yake. Ya fara da abin da ke gabansa. Ya shiga ƙarƙashin tebur da riga 'yar shara, ya cire kowace igiya ya hura ya mayar. Ya ce wataƙila wuta ce ba ta da ƙarfi, aka kashe ta gari aka ta da janareta. Ya ce wataƙila lambar ce, ya sa ni karanta masa ita da ƙarfi yana bi da yatsa. Ya sake rubuta kalmar sirri a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, sai daga baya ya buga goshi ya ce, “Kai, Abdulmumin! Ai ba mu ma isa ƙofar ba balle a tambaye mu mabuɗi.” Da safe ya tambayi Simeon ko tasu kwamfutar a kunne take. Simeon ya ce ɗakinta a kulle yake saboda na'urar sanyin da aka sa mata, amma ya leƙa ta taga, fitila tana ci.

Sai ya koma kan waya. Ya sa Hammanjoda ya riƙe masa tsani, suka bi igiyar tarho daga bangon ofis, falwaya bayan falwaya, cikin ranar Jalingo mai narka kwalta. Na fito ina masa masifa, na ce, “Baba, in ka faɗo ni ba zan ɗinke ka ba!” Daga sama ya amsa, “Sista, na samu! Na samu!” Wani wuri ne da aka taɓa haɗa igiyar aka naɗe da leda, ta yi tsatsa kore shar. Ya kankare ya ɗaure, ya sauko da gudu kamar saurayi, muka ɗunguma ciki. Ya danna. Layi ya katse. Hammanjoda ya yi tsaki ya ce shi dai aljanun kwamfuta ba ya shiga harkarsu.

Aka je ofishin masu waya, suka gwada suka ce layinmu lafiya lau. Aka kira injiniya, yana wata jihar, ya ce a kashe komai a kunna, a canja igiyar modem da wadda ya bari a kwali. Duk an yi. Har kwamfutar muka ɗauka ɗungurungum, ni na rungume gilashin a bayan mota kamar jariri, muka kai shagon Alhaji Hayatu mai kayan gini don a gwada da layinsa. Nan ma ta ƙi, ga jama'a sun taru suna ba da shawara, har da mai cewa a shafa mata man zaitun.

Ran nan kuwa, ba a taɓa komai ba, ba a gyara komai ba, ya danna kawai sai ga fuskar Jos ta fito! Baba Oba ya yi tsalle har hula ta faɗi. “Sista! Madam! Ku zo ku gani! Ga Jos a ɗakina!” Ya kama maus ɗin nan yana ta zagaya 'yar kibiyar da ke gilashin. Ya aika aka sayo waina da kunun gyaɗa aka raba wa kowa, har maigadi. Ni kaina na taka rawa, ban ɓoye ba. Abu ɗaya ne ya rage masa daɗi, wai Simeon ya tafi biki ƙauye ranar, babu wanda zai yi wa albishir.

Washegari ta koma gidan jiya. Nan ne na ga jikinsa ya yi sanyi. Saura kwana kaɗan Darakta ya zo, Madam ta daina shiga ɗakin, in ta wuce sai ta sunkuyar da kai. Na same shi zaune ya zuba wa fitilun nan ido, na ji tausayinsa ya kama ni. Ya ce, “Sista, abin da ke ci mini rai, ba na jin komai. Rediyo in ta yi ciwo kuka take yi, in ji kukan in san inda ke mata zafi. Wannan kuwa ta yi mini gum. Ta yaya zan yi wa kurma magani?”

Na ce, “To ka saurara mana.”

Ya ce, “Da me?”

Na nuna wayar da ke ƙarƙashin mayafi. Ya zaro ido kamar na ce ya yi sata. Ya ce injiniya ya hana, ana ɗagawa komai ya mutu. Haushi ya kama ni, na ce, “Haba Baba! Me ya rage da bai mutu ba? Jibi fa mutumin nan zai zo!”

Ya matso kusa da wayar. Sannan ya yaye mayafin, ya danna kira, ya bari modem ya gama buga lamba, ya ɗaga kan wayar a hankali ya kara a kunne. Na matso na manna nawa kunnen a bayan nasa. Muka ji tana ringin a can Jos. Ba ta ma gama na farko ba aka ɗauka, wata murya ta cika mana kunne:

“Halo? Jalingo? Malam, kai ne? Ina kwana kuma, ya ƙafa? Halo?”

Baba Oba ya daskare. Sannan ya kurma ihun da na tabbata an ji shi har unguwar Mayo Gwoi.

“Simeon! Kai ne kake ɗauka?”

“A'a, Malam! Yau layi ya yi kyau ke nan! Kullum ina ɗauka ina gaishe ka, ba ka amsawa. Na ce wayan nan ya lalace.”

“Kullum?”

“Kullum mana. Na san lokacinka ne. Kai za ka kira in bar ka kana jira?”

Na zube a kujera ina dariya har hawaye. Ashe layin da aka ja wa babbar kwamfuta daga wayar teburin Simeon aka ja shi. An saita modem ɗin can ya bari ta ɗan yi ringin kafin ya amsa, shi kuwa Simeon hannunsa ya fi na'ura sauri. An ja wa manyansa kunne kada a riƙa ɗauka, shi ba wanda ya tuna da shi, don ba a ɗakinsa kwamfutar take ba. Ranar Asabar da injiniya ya gwada ba ya ofis, ranar da muka sha kunu kuma yana wurin biki. Mun hau falwaya, mun dafa kanmu a rana, ashe gaisuwa ce take tare mu a ƙofa!

Baba Oba ya yi masa bayani yana haki. Simeon ya ce cire wayar dai ba zai yiwu ba, ita kaɗai ce a sashensu, manya suna nemansa ta nan. Baba ya ce ba sai an cire ba, da hantsi kawai, in ta yi ƙara ya ƙyale ta. Simeon ya ce, “Malam, in san kai ne, in zuba mata ido?” Muryarsa ta canja, na ji abin ya taɓa shi. Baba ma ya rage murya, abin da ban taɓa ji ba. Ya ce, “Ɗan'uwa, abincina ne a ciki. In ka ɗauka jibi, na tafi gida.” Simeon ya ce ai bai sani ba, don Allah a yafe masa, ba zai ƙara ba.

Muka ce a gwada nan take. Baba ya danna, ya kara wayar a kunne don ya tabbatar. Ringin ɗaya sai muka ji, “Halo, Jal... kash! Malam, hannu ne ya riga ni!” Na ƙwace wayar na ce, “Baba Simeon, Sista Lydia ce. In ka sake, da kaina zan hau mota in zo Jos in yi wa hannun nan allura!” Ya yi ta rantsuwa. Kafin mu sake gwadawa janareta ya shaƙe, washegari kuma layin garin gaba ɗaya ya ɗauke har yamma. Haka muka shiga ranar Darakta ba mu ga abin ya yi ko sau ɗaya da saninmu ba.

Darakta ya iso da hantsi, dogon mutum mara yawan magana. Ɗan ɗakin nan ya cika, Madam a gefe tana murza zobe, Hammanjoda a taga, ni a bayan kujera. Baba Oba ya sha farar riga, hula a miƙe yau. Ya riga ya kira injiniya ya koya masa yadda ake buɗe wa modem murya, ya ce wa Madam ta yi haƙuri da ciwon kai na yau kaɗai. Ya mayar da mayafi kan wayar, ya yi bisimilla, ya danna.

Muka ji lambobi suna shiga. Sai ringin. Na farko ya wuce. Zuciyata kamar ta fito. Na biyu ya fara, na ga leɓen Baba yana motsi, na sunkuya na ji abin da yake faɗa: “Kada ka ɗauka, Simeon. Don girman Allah kada ka ɗauka.” Ta sake yin ƙara. Ban san lokacin da na damƙe kafaɗarsa ba. Ɗakin tsit, sai wayar nan tana ta kuka a wani gari, kowa yana ji.

Sai wani ƙara ya ɓarke, tsuwa da shiii kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Ban taɓa jin mummunan sauti mai daɗi irin wannan ba! Fitilu suka tsaya cak. Gilashi ya yi duhu, ya washe, ga fuskar Jos tana tambayar kalmar sirri. Baba ya buga da yatsunsa biyu, ya shiga, ya buɗe wurin magani, ya rubuta abin da garuruwan Iware da Sunkani suke jira kafin ruwa ya sauka ya yanke hanya. Hammanjoda ya fara tafi daga taga, Madam ta ce “Yesu, na gode!” da ƙarfi, ni kuwa guɗa na saki a gaban Darakta, ban damu ba. Darakta ya yi murmushi, ya miƙa masa hannu ya ce, “Malam, ashe kai ne. To a bar maganar turo wani.”

Aka fita ana ta hayaniya, Madam tana jan Darakta zuwa ofishinta. Na juyo in taya Baba murna, sai na ga bai tashi ba. Yana zaune, ya dafa mayafin nan da ke kan wayar, hawaye suna bin gemunsa. Na ce, “Baba, lafiya? Ai an gama, kujera taka ce!”

Ya gyaɗa kai. Ya ce, “Kin ji yadda ta yi ta ƙara, Sista? Yana zaune a gabanta fa. Ya san ni ne.” Ya share fuska da hannun riga. “Tunda nake da bawan Allahn nan bai taɓa bari na kira sau biyu ba. Yau ya zauna yana kallonta saboda 'ya'yana.”